Fim Ɗin Da Muka So Da Fim Ɗin Da Aka Karrama

Duk Bahaushen da ya tashi a birni tsakanin shekarun 1970 da 2000 yana da digiri a fim ɗin Indiya, ko da kuwa bai taɓa zama a aji ba. Mun san wanda ya kashe uban wane, mun san 'yan'uwan da suka rabu a tashar jirgin ƙasa suna yara suka haɗu bayan shekara ashirin, mun san waƙar da aka yi a kan dutse da wadda aka yi a cikin ruwan sama. Har sunaye muka raɗa wa jaruman: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Amma akwai wani ɓangare na tarihin fim ɗin Indiya da bai cika shigowa hirar majalisunmu ba, wato bikin da gwamnatin ƙasar ke shiryawa shekara-shekara domin karrama fina-finan da ta ga sun fi, wanda ake kira National Film Awards. Tarihin wannan biki nake son mu ɗan tattauna a yau, domin ni dai tun da na fara bin diddiginsa ya hana ni sakat, kuma abin da ya hana ni sakat ɗin ya shafe mu nan gida.

Asalin abin ya faro ne jim kaɗan bayan Indiya ta sami 'yancin kai a 1947. A 1949 gwamnati ta kafa kwamitin binciken harkar fim a ƙarƙashin wani ɗan siyasa mai suna S. K. Patil, ya miƙa rahotonsa a 1951, kuma cikin shawarwarinsa akwai cewa a riƙa ba da kyauta ga fina-finai masu inganci don a ƙarfafa wa masu yin su gwiwa. A ranar 10 ga Oktoba, 1954, aka yi bikin farko a birnin Delhi, inda shugaban ƙasa na farko, Rajendra Prasad, ya miƙa kyaututtukan da hannunsa. A lokacin babbar kyautar sunanta Lambar Zinare ta Shugaban Ƙasa. Daga baya ne aka mayar da ita Swarna Kamal, wato furen bado na zinare, ƙanwarta kuma Rajat Kamal, furen bado na azurfa.

To, wane fim ne ya fara ɗaukar wannan zinare? Mai karatu zai iya kawo sunan Raj Kapoor ko Dilip Kumar, tunda su ne ke tashe a wancan zamani. Ko ɗaya. Wani fim ne mai suna Shyamchi Aai, da harshen Marathi, wanda P. K. Atre ya shirya daga littafin marubuci Sane Guruji, labarin wani yaro da tarbiyyar da mahaifiyarsa ta ba shi cikin talauci. Tun daga ranar farko ke nan bikin ya nuna inda ya sa gaba: Indiya ba Bambai kaɗai ba ce, kuma fim ɗin Indiya ba harshen Hindi kaɗai yake ji ba.

A wannan shekara ta 1954 ɗin dai aka haifi kishiyar wannan biki. Mujallar Filmfare, ta kamfanin jaridar Times of India, ta yi nata bikin a ranar 21 ga Maris a silimar Metro da ke Bambai, da kyaututtuka biyar kacal, kuma masu karanta mujallar ne suka yi zaɓen ta hanyar aiko da ƙuri'unsu. Do Bigha Zamin na Bimal Roy ya zama gwarzon fim, Dilip Kumar gwarzon jarumi saboda Daag, Meena Kumari gwarzuwar jaruma saboda Baiju Bawra. Wannan shi ne bikin da muka fi sani, mai raye-raye da fitilu da baƙin mutum-mutumin mace da ake ɗagawa sama. Wato dai tun farko aka raba aiki: ɗaya na kasuwa da 'yan kallo, ɗaya na gwamnati da alƙalan da ta naɗa, waɗanda ke zama su kalli fina-finai daga kowane lungu na ƙasar kafin su yanke hukunci.

Idan ka jera sunayen fina-finan da suka ci zinaren gwamnati, ka jera waɗanda suka cika silimun Kano da Kaduna da Jos da Zariya, za ka ga kamar ƙasashe biyu ake magana a kai. Ɗauki Mother India na 1957, wanda tsofaffinmu suka haddace kamar karatun allo. A Filmfare ya kwashe kyautar gwarzon fim, da ta darakta Mehboob Khan, da ta jaruma Nargis, har ya kai ga shiga jerin 'yan takarar Oscar a Amurka. Amma a bikin gwamnati takardar yabo ya samu, zinaren ya tafi ga Do Aankhen Barah Haath na V. Shantaram, labarin wani gandiroba da ya ɗebi masu kisan kai shida ya kai su gona don ya gyara halinsu. Sholay na 1975 kuwa, wanda babu yaron da bai kwaikwayi Gabbar Singh a lungu ba saboda shi, bai sami komai ba a bikin gwamnati. A shekararsa wani fim ne da harshen Kannada, Chomana Dudi, ya ɗauki zinaren. Ko a Filmfare ma kyauta ɗaya tak Sholay ya samu, ta tace hoto, Deewaar ne ya zama gwarzon fim. Sai a 2005 suka waiwayo suka ba shi kyauta ta musamman a matsayin fim ɗin da ya fi kowanne a cikin shekara 50.

Ina da wani kawu, tela ne, shi ya fara kai ni silima ina ɗan firamare, bayan an sha fama da mahaifiyata kafin ta yarda. Ba ya jin Indiyanci ko kalma goma, amma idan ya dawo daga kallo ya zauna a kan kekensa yana ba da labari, sai ka ga masu jiran ɗinki sun manta da abin da ya kawo su. Bayan na girma na fara karance-karance, wata rana na kai masa wannan labari.

Na ce, "Kawu, ka san kuwa Sholay bai ci kyautar gwamnatin Indiya ba?"

Ya tsayar da keken ya dube ni ta saman tabarau. "Wa ya ci?"

Na faɗa masa sunan fim ɗin, na ce labarin wani talaka ne da aka hana shi mallakar gona saboda asalinsa.

Ya ce, "Kai yaro, su alƙalan nan sun taɓa bin layi sun sayi tikiti da kuɗin aljihunsu kuwa? Mu da muka sha matsi a bakin ƙofa har rigata ta yage, mu ne alƙalai."

Na daɗe ina juya maganar nan ta Kawu, domin tana da nauyi. Wanda ya cire kuɗin cefanensa ya sayi tikiti ya riga ya kaɗa ƙuri'a, kuma ƙuri'arsa ba ta ƙarya. Amma akwai abin da ƙuri'ar tikiti ba za ta iya yi ba, kuma na gan shi da idona ranar da na zauna na kalli Pather Panchali.

Wannan fim na Satyajit Ray ne, da harshen Bengali, ya fito a 1955, kuma shi ya ɗauki zinaren shekararsa. Ray bai taɓa shirya fim ba kafin shi, kuɗi suka yanke masa a tsakiyar aiki har sai da gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta sa hannu aka ƙarasa. Babu dambe a ciki, babu jarumi mai tsalle daga bene. Labarin wani yaro ne, Apu, da yayarsa Durga, da uwarsu mai fama da tukunya babu abin zubawa, da ubansu malami mai tafiye-tafiyen neman abin kai wa baka, da wata tsohuwa da ta zame wa gidan kaya. Akwai inda yaran biyu suka ratsa daji da gudu don su ga jirgin ƙasa. Akwai inda uban ya dawo daga doguwar tafiya yana fito da tsaraba, har ya miƙo zanen da ya sayo wa Durga, bai san ta rasu ba. Wallahi da na kai wurin nan sai da na tsayar da kallon na fita waje. Na ga ƙauyen kakannina a cikin fim ɗin nan, na ga gwaggona da ke ɓoye ɗan abin da ta samu a ƙullin zane don jikoki. Fina-finan da Kawu ya kai ni sun sa ni mafarki, wannan kuwa ya nuna mini gidanmu. Kuma da a ce tikiti ne kaɗai alƙali, da mai yiwuwa irinsa bai tsallako teku ya iso gare ni ba. A 1956 ya sami kyauta a bikin Cannes na Faransa, kuma kafin rasuwar Ray a 1992 fina-finansa shida ne suka ci zinaren gwamnatin Indiya.

Wannan gardama tsakanin Kawu da alƙalai, su ma Indiyawan sun yi ta. A 1980 Nargis da kanta, uwar Mother India, lokacin tana 'yar majalisar dattawa, ta soki Ray da cewa talaucin Indiya yake tallatawa a ƙasashen waje don ya sami yabo. Abin sha'awa shi ne, ita ce mace ta farko da wannan biki ya ba kyautar gwarzuwar jaruma, lokacin da aka ƙirƙiro kyautar 'yan wasa a 1968, saboda rawar da ta taka a Raat Aur Din. A ɓangaren maza Uttam Kumar na Bengal ne ya fara ɗauka. Shekara goma sha huɗu ke nan ana bikin ba a ware wa 'yan wasa komai ba, fim ɗin kansa ake dubawa.

Ga masu sha'awar rubutu, akwai wani abu da ya kamata mu lura da shi. Da yawa daga fina-finan da suka ci zinaren nan daga littafi aka ɗauko su. Na ambaci Shyamchi Aai. Pather Panchali littafin Bibhutibhushan Bandyopadhyay ne. Kabuliwala gajeren labarin Rabindranath Tagore ne. Chemmeen na 1965, fim na farko daga kudancin Indiya da ya ci zinaren, littafin Thakazhi Sivasankara Pillai ne a kan masunta. Chomana Dudi ma na Shivaram Karanth ne. Alƙalan ba su ce dole sai daga littafi ba, amma labarin da marubuci ya yi shekaru yana dafawa ya fi wanda aka haɗa a daren jajiberin ɗauka nuna.

A 1969 aka ƙaro babbar kyautar da ta fi kowacce daraja, ta Dadasaheb Phalke, mutumin da ya shirya Raja Harishchandra a 1913, wanda ake ɗauka a matsayin uban fim ɗin Indiya. Mutum ɗaya ake ba a shekara saboda aikin da ya yi tsawon rayuwarsa, kuma mace ce ta fara karɓa, Devika Rani. A nan ne sunayen da muka sani suka fi fitowa: Lata Mangeshkar, Dilip Kumar, Asha Bhosle, Yash Chopra, Dev Anand, Amitabh Bachchan. Labarin Raj Kapoor shi ya fi taɓa ni. A watan Mayun 1988 ya je Delhi karɓar tasa yana fama da ciwon asma. Da aka kira sunansa ya kasa hawa dandamali, sai shugaban ƙasa R. Venkataraman ya sauko da kansa ya same shi a kujerarsa ya miƙa masa. Daga zauren aka wuce da shi asibiti, ya rasu ranar 2 ga Yuni. Da an ƙara jinkirin shekara ɗaya, da sai dai a miƙa wa 'ya'yansa, kamar yadda aka yi wa mahaifinsa Prithviraj Kapoor, wanda tasa ta zo bayan ya bar duniya.

Sannu a hankali gwamnati ta gane cewa ba za a yi ta bikin fim ana kau da kai daga abin da jama'a ke kallo ba. A 1975 aka ƙirƙiro kyautar fim mai farin jini da ke nishaɗantarwa cikin tsafta, Kora Kagaz ya fara ɗauka. Ta wannan ƙofa ce fina-finan zamaninmu na bidiyo suka shiga: Qayamat Se Qayamat Tak, Hum Aapke Hain Koun, Dilwale Dulhania Le Jayenge, Kuch Kuch Hota Hai, Lagaan. Ta nan ne ma Sarkin Ƙarfi ya sami rabonsa, a matsayin furodusan Ghayal na 1990, domin duk dambensa bai taɓa cin kyautar gwarzon jarumi ba. Amitabh ya yi Zanjeer da Deewaar da Sholay da Don, amma sai da Agneepath na 1990 ya zama gwarzon jarumi, daga baya ya ƙara uku da Black da Paa da Piku. Mithun Chakraborty da muka sani da rawar Disco Dancer, shi tun a fim ɗinsa na farko, Mrigayaa na 1976, ya ci kyautar, a matsayin wani maharbi ɗan ƙauye, kafin ya koyi karkaɗa ƙugu. Shah Rukh Khan kuwa, wanda ya fara fim a 1992, sai a 2025 ya karɓi tasa ta farko daga hannun shugabar ƙasa Droupadi Murmu, saboda Jawan, kuma raba ta aka yi tsakaninsa da Vikrant Massey na 12th Fail. Shekara 33 yana jira. Mahaƙurci mawadaci.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne matsayin da aka ba harsuna. Bayan babbar kyauta, kowane babban harshe yana da tasa kyautar ta fim ɗin da ya fi, kuma ƙananan harsuna ma ba a rufe musu ƙofa ba. Fim ɗin Byari na 2011, da wani ƙaramin harshe da Musulmin gaɓar tekun Karnataka ke yi, ya raba zinaren shekararsa da wani fim na Marathi. Village Rockstars na 2017 kuwa wata baiwar Allah ce, Rima Das, ta rubuta, ta ɗauka, ta ba da umarni, ta tace da kanta a ƙauyensu da ke jihar Assam, da yaran ƙauyen a matsayin 'yan wasa, kuma ta doke manyan kamfanonin Bambai.

Kada mai karatu ya ɗauka yabo kawai na zo yi. Duk abin da gwamnati ta riƙe, siyasa na laɓe a bayansa. A 2001 wasu daga cikin alƙalan sun fito fili sun yi watsi da sakamakon, suna zargin an yi son kai. A 2015 daraktoci irin su Anand Patwardhan da Dibakar Banerjee suka mayar da kyaututtukansu don nuna fushi da yadda ake takura wa masu ra'ayi daban. A watan Mayun 2018 aka sanar cewa shugaban ƙasa Ram Nath Kovind kyauta 11 kaɗai zai miƙa, sauran ministoci ne za su bayar, sai fiye da mutum 50 suka ƙaurace wa zauren, suka ce darajar abin a hannun da ya miƙa take. A 2023 aka ba The Kashmir Files kyautar haɗin kan ƙasa mai ɗauke da sunan Nargis, a 2025 kuma daraktan The Kerala Story ya zama gwarzon darakta, alhali fina-finan biyu sun sha suka a kan cewa suna rura wutar ƙin Musulmi, har babban ministan jihar Kerala ya fito ya yi tir da zaɓen. A 2024 an cire sunan Nargis da na Indira Gandhi daga kyaututtukan da ke ɗauke da su. Kyautar da aka kafa don a ɗinke ƙasa, ga shi wasu 'yan ƙasar na ganin da ita ake yi musu gwalo. Wannan ya ishi duk mai kiran gwamnati ta karɓi ragamar karrama masu fasaha ya yi tunani sau biyu.

Duk da haka, akwai abu guda da ba za a ƙwace wa bikin nan ba: bai mutu ba. Gwamnatoci sun zo sun tafi, an yi yaƙe-yaƙe, an yi dokar ta-ɓaci, annobar korona ta jawo jinkirin da ya sa fina-finan 2023 sai a 2025 aka karrama su, a karo na 71, amma lissafin yana nan jere. Yau yaro a Kalkata zai iya buɗe jerin ya ga abin da aka zaɓa a shekarar da aka haifi kakansa, da sunayen alƙalan, da ɗan bayanin dalilin da ya sa suka zaɓa. Yana iya cewa sun yi kuskure, kamar yadda Kawu ya ce, amma yana da abin da zai yi gardama a kai. Sun kuma kafa gidan adana fina-finai na ƙasa a birnin Pune tun 1964, kuma duk da haka Alam Ara na 1931, fim ɗinsu na farko mai magana, ya ɓace babu ko kwafi ɗaya.

A nan ne hankalina ke dawowa gida. Idan masu gidan adana kaya sun rasa fim ɗinsu na farko mai magana, ina ga mu da muka zuba namu a kaset ɗin bidiyo, muka bar shi a kan silin zafi da ƙura suna ci? Mun ari waƙa da rawa daga Indiya, mun ari soyayyar mutum uku, mun ari har yadda ake juya kyamara idan an mari jarumi. Ba mu ari riƙon lissafi ba. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau an yi dubban fina-finan Hausa, sunan Kannywood kansa tun 1999 yake yawo, an kuma sha shirya bukukuwan karramawa masu armashi. Na halarci wani da kaina, na ga yadda wani dattijon ɗan wasa ya riƙe kyautarsa da hannu biyu idonsa ya ciko. Bayan 'yan shekaru na nemi jerin waɗanda suka ci a daren nan don wani rubutu da nake yi, na tambayi mutum huɗu da suka kasance a zauren, kowa da abin da ya faɗa mini. Bikin ya tafi da mai ɗaukar nauyinsa.

Muna da abin karramawa. Muna da Shaihu Umar da Adamu Halilu ya ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1976. Muna da In Da So Da Ƙauna da Ki Yarda Da Ni, waɗanda su ma daga littafi suka koma fim. Muna da marubuta labari da masu ɗaukar hoto da masu tacewa da ba a taɓa kiran sunansu a gaban jama'a ba. Abin da nake fata shi ne biki guda, ko ƙarami ne, ko a zauren makaranta za a yi shi, wanda za a yi bana a yi baɗi a yi baɗin baɗaɗa, a rubuta sunan alƙalai da hujjarsu, a ajiye kwafin kowane fim da ya ci a inda gara ba za ta kai ba, kuma a nisanta shi daga hannun duk wanda ke neman ƙuri'a. A ware kyauta ɗaya ta 'yan kallo irin su Kawu, ɗaya ta alƙalai, kowa ya faɗi tasa, jikokinmu su zo su raba gardamar. A kuma gaggauta karrama dattawan sana'ar tun suna iya hawa dandamali da ƙafafunsu, domin da yawansu sun riga sun tafi ba mu ce musu sannu ba.

A nan zan dasa aya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin masu wannan sana'a, Allah Ya jiƙansu Ya gafarta musu. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon riƙe tarihinmu da hannunmu, amin.